Saja Kulle, Mai Duba Babban Yatsa

Ni na fara ganinsa. Duk wanda ya ce ya riga ni sanin Saja Kulle a makarantar horar da masu gadin daji, ƙarya yake yi, ko da ya fi ni furfura. Ranar da ya sauko daga motar kaya da akwatin ƙarfe a ka, babu kowa a bakin ƙofa sai ni da kare. Na dube shi daga takalmi har hula, na ce a raina, wannan siririn mutumin zai wahalar da jama'a, kuma zai hana su mutuwa. Ban yi boko ba, ko ƙofar aji ban taɓa leƙawa ba. Wannan ma 'yata ce take rubutawa ina faɗa, na kuma gargaɗe ta kada ta gyara mini ko kalma ɗaya. Amma idona bai taɓa yi mini ƙarya a kan mutum ba.

Ni ne ake kira Baban Rami. Aikina a filin harbi shi ne in zauna cikin ramin da ke ƙarƙashin allunan da ake harbi, in ɗaga allo, in sauke, in liƙe hudar da harsashi ya yi, in an tashi in tsince kwankon harsashi. Harsashin da ya wuce ta saman kaina ya fi gashin kan yawa. Maciji ya sare ni a ramin nan, na tashi. Mota ta kife da mu, na fito da ƙafata har na jawo direba. Shugabannin da suka zo suka same ni sun tafi sun bar ni, wasunsu ma da ni aka ɗauki makararsu. Saboda haka in na ce mutum ya isa a jinjina masa, to ya isa.

Kullum Saja yakan riga kowa zuwa ma'ajiyar makamai. Zai buɗe ƙofar ƙarfen nan mai kuka, ya rataye hularsa a ƙusa, ya bi bindigogin ɗaya bayan ɗaya. Ya cire gidan harsashi, ya ja sakatar bindiga baya, ya leƙa gurbin harsashi da ido, bai yarda da idon ba sai ya zura ƙaramin yatsa ya taɓa. Sannan ya kulle ta, ya mayar bakinta na kallon sama. Bindigar da shi da kansa ya duba jiya ya rufe ɗaki a kanta, yau ma sai ya sake dubawa. Na taɓa ce masa, "Saja, aljanu kake zargi suna loda su da dare?" Ya ce, "Baban Rami, kaina nake zargi." Shayinsa yakan huce a kan taga kafin ya tuna da shi.

Ga wanda bai taɓa riƙe bindiga ba, bari in faɗa masa. A gefenta, inda babban yatsa ke sauka, akwai wani ɗan ƙarfe da bai fi farce girma ba. In ka tura shi gefe ɗaya ya kulle kunama, wato abin da ake ja a yi harbi, ko ka ja bindiga ba za ta tashi ba. In ka mayar da shi, ta buɗe. Samari suna ce masa sefti, Saja kuwa makulli yake cewa. A kan ɗan ƙarfen nan ya ƙarar da ƙuruciyarsa da muryarsa. Dokarsa guda ce: ba ka buɗewa sai bakin bindiga na kan allo, idonka na kan saiti, an kuma ba ka umarni. Da ka sauke ta daga kafaɗa, kulle. Za ka tashi tsaye, kulle. Za ka tsallake kwata, za ka hau mota, za ka miƙa wa ɗan'uwanka, kulle. Daga ramina ina jin tsawarsa, "Kulle ta! Kulle ta!" har sunan ya bi shi, har matarsa ma ta daina kiransa da wani suna.

Sababbin ɗalibai sukan zo da zumuɗin harbi, sai ya ba su bindiga babu harsashi, makonni suna ɗagawa suna saukewa, suna buɗewa suna kullewa. In ka tsaya daga nesa sai ka ji ƙas-ƙas, ƙas-ƙas, kamar gyare sun cika fili. Yatsa ya yi bororo, ya fashe, ya warke, ya sake fashewa, har ya yi kanta. Kantar nan ita ce jarrabawarsa. Kowace safiya yakan bi layi yana ba kowa hannu, a cikin gaisuwar ya murza babban yatsanka na dama. In ya ji tauri, ka kusa ganin harsashi. In ya ji laushi, ka koma.

Akwai wani ɗalibi da muke kira Gwangwani saboda surutu. Wata safiya ya ce, "Saja, don Allah harbi muka zo koyo ko wasa da ƙarfe?"

Saja ya ce, "Harbi ko jaki ka ɗaura wa bindiga zai yi. Kawo yatsan."

Ya murza, ya yatsine fuska. "Wannan ai yatsan amarya ne. Lalle kawai ya rage a sa masa. Koma."

Aka kwashe da dariya, Gwangwani ya koma yana ƙunƙuni. A lokacin da za a ba shi dama ya shaƙe Saja, da ya yi.

To ku ji abin da ya faru da ni da Gwangwanin nan, ba labari aka ba ni ba, a ƙirjina aka yi. Ranar ana atisaye da harsashi na gaske, an sha ruwan sama, fili duk taɓo. An tsayar da wuta, na fito daga gefe da buhuna ina tsintar kwanko, su kuma suna matsawa zuwa layi na gaba. Gwangwani ya zo tsallake kwata, santsi ya kwashe shi. Ya taho mini gaba ɗaya, shi da bindigar. Bakinta ya daki ƙirjina nan ƙarƙashin nonon hagu har haƙarƙari ya tsage, muka zube tare. Ina kwance ina kallon yatsansa a cikin kunama, ya matse ta har ƙarshe, har yatsan ya yi fari. Da harsashi a gurbi. Ba ta tashi ba. Babban yatsansa ya riga ya kulle ta tun kafin ya ɗaga ƙafa, shi kansa bai san ya yi ba.

Gwangwani ya fashe da kuka kamar an yi masa mutuwa. Ni kuwa ko gezau, na ce masa, "Ɗaga ni, ɗan nema, ka fi buhun siminti nauyi." Wasu sun ce wandona ya jiƙe. Taɓo ne.

Kowa ya zaci Saja zai yaba masa. Ya zo ya karɓi bindigar, ya juya bakinta, ya fitar da harsashin, sannan ya ce, "Me yatsanka yake yi a cikin kunama kana tafiya? Makulli ƙarfe ne, mutum ya ƙera shi, yana lalacewa. Yau ya riƙe. Gobe fa?" Ya mayar da shi kan bindiga marar harsashi tare da sababbin zuwa. Da yamma na iske Saja a bayan ma'ajiya shi kaɗai, ya sunkuya yana ta fama ya kasa ɗaure igiyar takalmi. Ban faɗa wa kowa ba sai yau.

Kai ne, Saja. Kai ne ka yarda a ƙi ka da safe don kowa ya koma gida da yamma. Mai murya kamar tsagewar kwano, mai zuciya kamar auduga. Malamar jinya ta makaranta ta faɗa a gabana cewa duk zamaninka abin da ta fi ɗaurewa shi ne babban yatsa, ba ta taɓa ciro harsashi daga jikin ɗalibi ba. Mai shayin bakin ƙofa yana gane yaranka ko sun tsufa, wai in suna jiran ruwa ya tafasa sai ka ga babban yatsansu yana tura bakin kofi. Babu wanda ya taɓa rataya maka lambar yabo, domin aikinka ba ya barin alama. Wanda ba a harba ba, bai san ba a harbe shi ba. Yana can yana cin abincinsa yana zagin gwamnati.

Yanzu zan faɗi abin da ya sa na zaunar da 'yata da biro, kuma ba mai daɗi ba ne.

Saja yana da ɗa, autansa, wanda ya bi sawunsa ya zama mai gadin daji. Auta muke ce masa. A ajinsu akwai wani yaron kirki, marar hayaniya, ana kiransa Bahago domin da hagu yake komai. Bindigoginmu kuwa na masu dama ne, makullin yana gefen da babban yatsan dama ke sauka. Saja ya koyar da shi da dama kamar kowa, shi kuma ya dage har yatsansa na dama ya yi kanta fiye da ta kowa a layi. Saja ya murza ya ce ya yi.

Bara, da yamma, suna dawowa daga korar masu farautar sata. An yi musayar wuta, an yi gudu, kowa ya galabaita. A cikin tsoro jiki yakan koma abin da aka haife shi da shi. Bahago ya mayar da bindiga hannun hagu tun ana artabu, da hagun ya yi harbi, da hagun ya hau mota. Yatsan hagu kuwa ba a taɓa koya masa komai ba. Mota ta faɗa rami, bindiga ta tashi. Auta ne yake zaune a gabansa.

Ina wurin aka sauko da gawarsa. Saja bai yi kuka ba. Ya nemi bindigar, ya duba makullin ya gan shi a buɗe, ya kulle ta da kansa, ya miƙa. Sannan ya kama hannun hagun Bahago ya murza babban yatsan. Laushi kamar na jariri. Ya ce, "Hannun da ba shi ba na duba." Iyakar abin da ya faɗa ke nan.

Ba a jima ba ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Hannun da ya murza yatsun mutane fiye da yadda zan iya ƙirgawa yana nan kwance a cinyarsa kamar ba nasa ba. Aka sallame shi daga aiki ba taro ba jawabi, tunda mai taron ba ya iya tsayuwa. Bahago ya yi zaman hukuncinsa, aka kore shi, ya koma facin taya a bakin titi. Gwangwani, wancan mai yatsan amarya, shi aka ba koyarwar.

Ɗakin da Saja yake kwance ƙarami ne, gado ɗaya, kujerar roba, tagar da ke kallon bangon maƙwabci. Takalman aikinsa suna ƙarƙashin gado, matarsa tana goge su duk da ba mai sawa. Ya juya fuska bango. Ya daina magana, daga baya ya daina cin abinci, sai ruwa, shi ma da lallashi. Likita ya ce ciwon ba zai kashe shi ba, yunwar ce za ta yi.

Matarsa ta tare ni a tsakar gida ta ce, "Baban Rami, kai da bakinka ba ya mutuwa, ka yi masa magana mana. Na binne ɗa, ban shirya binne uba ba."

Na ce, "Uwar Auta, ni da na yi wa maciji magana ya sake ni?"

Ta ce, "Macijin ai sai da ya sare ka."

Na shiga na buɗe masa ƙirjina na nuna tabon, na ba shi labarin da ya sani, na yi fahariya har makogwarona ya bushe. Sai can ya ce da bakinsa da ya karkace, "Kai ɗaya, ka tsira. Auta ma ɗaya, ya tafi. An yi canjaras." Ya mayar da fuska bango.

Na fita raina a ɓace. Wa ya taɓa yin canjaras da ni? Na je na sami Gwangwani na ce ya tara mini duk wanda Saja ya taɓa murza wa yatsa, na kusa da na nesa. Daga nan na wuce bakin titi wurin mai faci.

Na iske Bahago ya rame, ya tara gemu. Da ya gan ni ya sunkuyar da kai. Na ce, "Tashi mu je, Saja na mutuwa."

Ya ce, "Baba, da wace fuska? In ya gan ni ai ƙarasa shi zan yi."

Na ce, "Ba fuskarka nake so ba."

Domin tun ina nesa na ga abin da yake yi. A jikin bencinsa ya kafa wata 'yar sakatar ƙarfe, irin ta taga. Yana zaune yana jiran mota, babban yatsansa na hagu yana tura ta yana dawo da ita, ƙas-ƙas, ƙas-ƙas. Mai sayar da ruwa da ke kusa da shi ta ce haka yake yini. Mutumin da har ya mutu ba za a sake ba shi bindiga ba.

Ranar da aka taru, layi ya fita daga ɗakin Saja ya bi tsakar gida har titi. Akwai masu furfura, akwai masu tumbi, akwai mata, har da wanda ya zo da sanda. Gwangwani ne a gaba. Ya durƙusa ya ce, "Saja, an zo duba yatsa." Ya kama hannun hagun Saja, wanda ke da rai, ya sa babban yatsansa a ciki. Ina tsaye a kansu na ga yatsun tsohon sun motsa da kansu, sun murza. Shekaru sun koya musu, ba sa neman izininsa.

Haka aka riƙa shiga ana fita. Kowa ya durƙusa, ya ba da yatsa, ya faɗi 'ya'yansa nawa, ya tashi. Ni na ce su faɗa. Sannu a hankali Saja ya juyo daga bango. Da aka zo kan wani mai ƙiba da ya koma aikin ofis, sai muka ji murya a shaƙe: "Laushi." Mutumin ya ce, "Saja, biro nake riƙewa yanzu." Saja ya ce, "Koma." Aka yi dariya, wasu suna yi suna share ido.

Bahago ne na ƙarshe. Da ya shigo, ɗakin ya yi sanyi. Uwar Auta ta juya ta fita, ban ga laifinta ba. Ya durƙusa, ya rasa hannun da zai miƙa, sai ya miƙa dama kamar kowa. Saja ya ture shi. Ya ce, "Ɗayan."

Ya murza yatsan hagun. Kanta a kan kanta, ta tsage ta warke ta sake tsagewa, tauri kamar ƙahon rago. Ya daɗe yana riƙe da shi. Bahago yana kuka ba sauti, hawaye na bin gemu. Sannan Saja ya ce, "Ya yi. Ya isa haka, ɗana. Bar yatsan nan ya huta."

Ya ɗaga ido ya nemi Gwangwani. "Kai mai surutu. Hannu nawa kake dubawa?"

Gwangwani ya ce, "Dama, Saja. Yadda ka koya mana."

"Biyu za ka duba. Ka jefa wa yaro abu ba zato ka ga hannun da ya cafe da shi, wannan hannun shi zai riƙe bindiga ranar tsoro. Ba ka iya ba. Gobe ka zo ka ɗauke ni a kujera in nuna maka."

Na ce, "Da wane ƙarfi? Iska ma ta fi ka nauyi."

Ya harare ni da idon nan da ya saba. Ya kira matarsa ya ce a kawo shayi da burodi, kofi biyu. Ta kawo. Ta ajiye ɗaya a gabansa, ta tsaya da ɗayan a hannu har na ɗauka za ta koma da shi. Sai ta ajiye a gaban Bahago, ba ta dube shi ba, ta fita.

Ba zan yi muku ƙarya ba, ban saba ba. Hannun dama ba zai dawo ba. Auta ba zai dawo ba. Saja yana ci, amma kaɗan, wata rana ma yakan koma wa bangonsa. Uwar Auta har yau ba ta amsa gaisuwar Bahago. Sai dai da safe, in jikin ya yarda, Gwangwani yakan turo shi a keken guragu zuwa bakin fili, a rufe masa ƙafa da bargo. Muryar ta tafi, ba ta kai ko layin farko. Yakan motsa baki, Gwangwani ya yi tsawar a madadinsa. Sababbin ɗalibai suna wucewa ta gabansa suna miƙa hannu biyu, suna ƙunƙuni yadda na baya suka yi.

Saja Kulle, na gode. Na gode da numfashin da nake ja tun ranar taɓon nan, da 'yar da take rubuta wannan, wadda ba a haife ta ba sai bayan haƙarƙarina ya warke. Kai ne ka yi kuskure ɗaya, ka biya da ɗanka, ka kuma taso daga gadon mutuwa don kada wani ya maimaita shi. Allah Ya jiƙan Auta, Ya ba ka sauƙi, Ya sanyaya zuciyar uwarsa.

Ku kuma da kuke koyar da riƙon makami, a duk inda kuke, ku yi koyi da shi. Ku yarda a kira ku mugaye. Kada ku ba yaro harsashi don ya gaji da jira. Ku koya masa kullewa har yatsa ya riga tunani, ku koya masa kada ya dogara da makullin, ya janye yatsa daga kunama, ya kau da bakinta daga mutane. Kuma ku duba hannu biyu.

Wanda yake ganin tsoho ne kawai yake zuba, ya zo. Ba na ɓuya, ina zaune a bakin filin harbi kowace safiya kusa da keken Saja. Zan ɗaga masa rigata ya sa yatsa a tabon, ya ji inda bakin bindiga ya zauna. In ya gama, ya juya ya miƙa wa Saja hannuwansa biyu, in ya isa. Ina nan ina jira in ji abin da Saja zai ce da yatsansa.